Gwanin Karate Ba Ɗan Daba Ba Ne

Da an ambaci karate, hankalin yawancinmu kan tafi ga finafinan Chanis, inda mutum ɗaya zai faɗa cikin ƙarti goma ya watsa su. Shi ya sa ake ɗauka gwanin karate shi ne wanda ya fi kowa kayar da mutane. Ban ga laifin masu wannan fahimta ba, abin da aka nuna musu ke nan. Sai dai rayuwar Gichin Funakoshi, mutumin da ya fi kowa yaɗa wannan fasaha a Japan, ba ta goyi bayansu ba.

An haife shi a 1868 a Shuri da ke tsibirin Okinawa, yaro mai yawan laulayi. Ya koyi karate a wajen Anko Asato da Anko Itosu, amma sana'arsa koyarwa ce a makaranta, kimanin shekara 30. A 1922 ya je Tokyo ya nuna karate a wani taron wasanni na ma'aikatar ilimi, Jigoro Kano mai judo ya gayyace shi, daga nan ya zauna. Dattijo mai shekara hamsin da 'yan kai, yana shara da ban-ruwan lambu a masaukin ɗaliban Okinawa don ya samu na kaiwa baki! Abin da ya fi nacewa a kai shi ne kata, wato jerin motsi da ɗalibi ke maimaitawa shi kaɗai har ya zauna masa a jiki. Bai so a mayar da karate gasar doke-doke ba, kuma ya hana ɗalibansa fara kai hannu.

Masu waccan fahimta suna da hujja, ba zan ɓoye ba. Choki Motobu, ɗan Okinawa da ya yi suna wajen faɗa na gaske, ya raina salon Funakoshi, yana ganin ba zai yi amfani ranar artabu ba. Ƙila da gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Amma koyarwar Funakoshi ce ta shiga jami'o'i, tun daga Keio a 1924, ɗalibansa kuma suka kai salonsa na Shotokan ƙasashen duniya.

Funakoshi ya rasu a Tokyo a 1957. Duk mai neman wa ɗansa malamin karate, ya fara duba ladabin ɗaliban malamin kafin ya tambayi mutum nawa ya taɓa kayarwa.