CIWON HANTA IRIN NA C: ABIN DA ƘIDAYAR JINI KE FAƊA MAKA

Jama'ar Tambuwal da Kebbe, yau maganarmu a kan ciwon hanta ce, irin wanda likitoci ke kira C. Wata ƙwayar cuta ke kawo shi, wadda aka gano a 1989. Ta jini take shiga: askar wanzami, ko ƙaho, ko allurar da aka riga aka yi wa wani. Takan shekara ashirin tana cin hantar mutum bai sani ba.

Gwajin iri biyu ne. Na fari, na ɗigon jini, yana nuna cutar ta taɓa shiga jikinka. Na biyu shi ke ƙidaya ƙwayoyin da ke cikin jini yanzu. Wannan sai babban asibiti. Malamin ɗakin magani zai ba ka takarda, watakila zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta. Haka likitoci suka yi aiki a dā, lokacin da magani allura ce kowane mako, har mako 24 ko 48, ga zazzaɓi ga kasala, kuma kamar rabin masu sha ke warkewa. A mako na 4, in ba a ga ƙwayar ba, alamar nasara ce. A mako na 12, in ba su ragu zuwa kashi ɗaya cikin ɗari ba, sai a dakatar, don kada a wahal da mutum a banza.

Daga 2013 aka sami sababbin magunguna na haɗiya, irin su sofosbuvir. Sau ɗaya a yini, yawanci mako 12, kuma fiye da 95 cikin 100 na warkewa. Saboda haka ƙidayar tsakiyar magani ba ita ke yanke hukunci ba yanzu. Wadda ake dubawa ita ce ta mako 12 bayan ka gama. In ba a ga ƙwayar ba, ka warke.

To, ka shanye maganinka duka, ko ka ji sauƙi. Ka lissafta ranar komawa, kada aikin gona ko kuɗin mota ya hana ka. Gwajin ɗigon jini zai ci gaba da nuna alama bayan warkewa, kada wannan ya tsorata ka. Amma ka sani ciwon ba shi da rigakafi, kuma yana iya sake kama ka. Ka tafi wurin wanzami da sabuwar rezarka.

Allah ya ba mu lafiya.