Daren da na'urar Mma ta rubuta HI

Wata Lahadi bayan isha'i ƙanena ya kira ni daga Nima. "Yaya, na'urar nan ta lalace fa. Na gwada Mma sau biyu, ba lamba, sai haruffa biyu, H da I." Ina ɗakina a Adabraka, na gaji, na riga na kwanta. Na ce masa ya bari da safe mu gani. Har yau in na tuna da wannan magana sai gabana ya faɗi.

Na'urar lafiyarta lau. Yawancin waɗanda muke saya a kemis ba sa karanta abin da ya wuce 33.3. In sukari ya haura nan sai su rubuta HI, wato ya fi ƙarfin ma'auninsu. Alhali abin da ake so a gani ga mai ciwon sukari kafin ya karya kumallo, kimanin 4 zuwa 7 ne.

Ba dare ɗaya abin ya zo ba. Kwana huɗu Mma tana shan ruwan leda kamar ba gobe, tana zaryar bayan gida cikin dare, leɓenta a bushe, ga barci da rana tsaka. Muka ce zafin Ankara ne. Ƙanwarta ta ce zazzaɓin sauro ne. Ba mu san ta yi mako uku da ajiye metformin ɗinta ba, saboda wata kwalbar magani da ta saya a cikin trotro, wadda mai ita ya rantse tana kashe ciwon sukari har saiwarsa. Ga kuma gyambo tsakanin yatsun ƙafarta, ta ɓoye mana don kada mu hana ta zuwa wurin waakye ɗinta. Mu kuwa, ganin ba ta da ƙarfi, sai muka riƙa saya mata Malta mai sanyi. Wallahi da hannunmu muka ƙara wa wutar itace.

Wajen ƙarfe biyu na dare ta fara kiran ƙanena da sunan yayanta da ya rasu tun muna yara. Sai a nan aka nemo tasi. Na tarar da su a asibitin Ridge.

Abin da ya ba ni mamaki, ruwa aka fara ƙara mata, leda bayan leda, kafin insulin ya biyo a hankali. Likitar ta yi mini bayani a tsaye. In sukari ya yi yawa a jini, ƙoda tana tura shi cikin fitsari, shi kuma yana jan ruwan jiki ya tafi da shi. Tsoho sai ya bushe, jininsa ya yi kauri, kansa ya rikice, daga nan sai suma. Ciwo irin gyambon nan, ko na mafitsara, ko na ƙirji, yana ƙara tura sukarin sama. Kuma ba a sauke shi farat ɗaya: ana yi ana auna gishirin jini, musamman potassium, don faɗuwarsa tana taɓa zuciya. Shi ya sa ninka ƙwaya ko ƙara allura a gida ba tare da umarnin likita ba ganganci ne.

Na tambaye ta, to me ya kamata mu yi tun farko? Ta ce a gwada kafin a ba mutum komai mai zaƙi. Sukarin da ya faɗi ƙasa da 4, mai zuwa da gumi da rawar jiki, shi ne ake bai wa zaƙi. Wanda ya hau kuwa ruwa zalla yake so, shi ma sai in mutum yana farke yana iya haɗiya. In an ga HI, ko lamba ta yi sama tare da amai, ko ruɗewa, ko numfashi mai zurfi da sauri, ba a jiran safiya. A kira 112 ko a tare mota.

Akwai wani tarko ga gidajenmu na zango. 'Yan'uwa da ke Amurka suna aiko da na'urori masu wani ma'auni dabam. Sai an raba lambarsu da 18 ake samun tamu: 400 a can, kusan 22 ke nan a nan.

Kwana biyar Mma ta yi a kwance. Katinta na NHIS ma ya ƙare ba mu sani ba. Yanzu ni nake sabunta shi ta *929#. Ƙwayoyinta suna hannun ƙanena, yana ƙirga su duk Juma'a, ni kuma ina duba mata ƙafafu in na je. Ta ce mun mayar da ita jaririya. Kwalbar trotron dai ni na zubar da ita a kwata, tana kallo, tana mitar kuɗinta.