Magarya Mai Aure: Dukiyar Da Ke Ɓoye Cikin Ƙaya

Duk wanda ya taso a ƙasar Damagaram ya san magarya, domin har gari muke da shi mai wannan suna. Mun saba ganinta busasshiya a tiya a kasuwar Dole, ko an daka ta an yi akuri. To amma magaryar da muke rainawa ta samu ƙanwa wadda kuɗinta ya fi nata nesa ba kusa ba, wato magarya mai aure, wadda masana aikin gona ke kira tuffar Sahel.

Asalin irin daga Indiya yake, kamar su Gola da Umran, kuma cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta taka rawa wajen yaɗa shi a ƙasar nan. 'Ya'yanta sun ninka na daji girma sau da dama, ɗanye ake cinsu, ga ruwa ga zaƙi.

Abin lura shi ne, wanda ya shuka ƙwallonta kada ya sa ran samun irin uwar, aure shi ne hanya. Akan fasa ƙwallon magaryar daji a ciro ƙwayar, a shuka a leda. Idan tsiron ya kai kaurin fensir, sai a yanko reshen mai kyau a tsaga a haɗa, a ɗaure da leda tsam. Wanda kuma ke da tsohuwar magarya a gona, yana iya sare ta, idan ta yi toho a aura mata. Wannan ta fi saurin haihuwa, tunda saiwarta ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, fari bai cika damunta ba.

Sai dai akwai kiwo. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a cire shi, in ba haka ba ta daji za ta rinjayi amarya. A yi mata shinge saboda awaki. Idan bazara ta yi ta kaɗe ganye, kada a ɗauka ta mutu, lokacin aski ne, domin sabon reshe ne ke yin fure da damina, a tsinki 'ya'ya da sanyi.

Ga 'yan kasuwa kuma, a yi hattara. Ɗanyarta ba ta jure ajiya kamar busasshiya, ga wani ƙuda da ke sa mata tsutsa. Don haka a duba kaya da kyau kafin a biya, a sari daidai abin da za a sayar cikin 'yan kwanaki, kada uwar kuɗi ta ruɓe a kwando.

Muna kira ga masu garka a Mirya da Matamaye da su gwada ko da gindi biyar ne a bakin shinge. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.