Cire sitika daga motar ƙungiya ba tare da ɓata fenti ba

Ƴan uwa mata, tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, dubararmu ɗaya ce: kuɗin asusu ba ya zama banza. Idan ƙungiya ta sayi mota ko babur mai ƙafa uku, galibi na hannu ne, jikinsa cike da sitikar tsohon mai shi. Fentin nan jari ne, domin ranar sayarwa shi mai saye zai fara dubawa.

Mu a Gaweye ga yadda muke yi. Da farko a wanke ƙura, don yashi na kartar fenti. A ɗora tsumma mai ruwan zafi kan sitikar, ko a aro na'urar busar da gashi, har danƙon ya yi laushi. A ɗaga gefe da farce ko tsohon katin roba, a ja sannu sannu. In ta tsinke, a ƙara zafi. Ragowar danƙo kuwa, man gyaɗa ko ɗan kananzir ya isa, sai a bi da sabulu.

Reza, soson ƙarfe da tina, a'a! Motar da aka sake wa fenti, a gwada a lungu tukuna, don fentin kan biyo sitikar.

Za ku ga wurin ya fi sauran haske. Ranar Yamai ce ta koɗe kewayen. Takardun hukuma da na inshora da ke gilashi kuwa, kada a taɓa su.