Kumfar da Ke Haska Hanta: Shin Akwai Haɗari?

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya ɗaukar hoton ciki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko a ɗakunan sikanin na Sabon Gari, ya san na'urar nan da ake gogawa a ciki bayan an shafa mai. Amsa-kuwwar sauti take karantawa. Takan nuna ƙullutu a hanta, amma sau da yawa ba ta iya bambance na daji da wanda ba shi da illa. Wannan tambaya babba ce a ƙasarmu, inda ciwon hanta nau'in B ya yawaita, ga kuma dafin aflatoksin da ke samuwa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. Duka biyun suna kai wa ga dajin hanta.

Don warware wannan ake yin allurar kumfa a jijiya. A maganin SonoVue, wanda Turai ta amince da shi a 2001, kowace kumfa iska ce a cikin ɓawon kitse, ba ta kai ƙwayar jan jini girma ba. Hanta tana samun kusan kashi uku cikin huɗu na jininta daga jijiyar da ta fito daga hanji, shi kuwa daji ya fi shan jinin da ya zo kai-tsaye daga zuciya. Saboda haka yakan riga sauran hantar haskakawa, daga baya kuma ya dushe. Nan asirinsa ke tonuwa.

To, ina kumfar take zuwa? Huhu ne ke fitar da iskar cikin 'yan mintuna, ba ta dora wa ƙoda nauyi kamar ruwan aidin na hoton CT. A wani bincike da Piscaglia da Bolondi suka wallafa a Italiya a 2006, cikin gwaji 23,188 mutum biyu kacal suka shiga mawuyacin hali, babu wanda ya rasu.

A ganina wannan adadi abin kwantar da hankali ne, sai dai bai kai sifiri ba. Akwai jikin da ke ƙin sinadarin PEG da ke cikin allurar, har numfashi ya sarƙe. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2021. Don haka kada a yarda a yi ta sai inda aka tanadi adirinalin da iskar oksijin, kuma a zauna gaban ma'aikata kamar rabin sa'a kafin a koma gida.