Shinkafar Daji a Fadamar Rima: Ciyawar da Ta Haifi Shinkafar Afirka

A fadamar kogin Rima, wadda ta miƙe daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, akwai wani tsiro da manoma ke ɗauka a matsayin ciyawa, alhali masana sun tabbatar cewa daga gare shi ne aka samo shinkafar Afirka ta gargajiya kimanin shekaru 3,000 da suka wuce, a fadamun kogin Neja na ƙasar Mali ta yau. Wannan tsiro shi ne shinkafar daji, wadda a ilimin tsirrai ake kira Oryza barthii domin tunawa da Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853.

Shinkafar daji tsiro ce mai shekara ɗaya, wato tana tsirowa, ta yi huda, ta zubar da iri, ta mutu a cikin damina guda, saboda haka ɗorewarta ta rataya ne kacokan a kan ƙwayar da ta bari a ƙasa. Mazauninta shi ne tabkuna da kududdufai marasa zurfi waɗanda ke cika da damina su ƙafe da rani. Furenta ƙarami ne ƙwarai, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da dogon gashi mai kaushi, wanda da shi ne manomi ke bambanta ta da shinkafar gona, domin kafin su fitar da kai kusan kamarsu ɗaya. Da zarar ƙwayar ta nuna sai ta kakkaɓe da kanta, ta kwanta cikin laka har ruwa ya dawo.

Da yake tsiron ya bazu a ƙasashen Afirka da dama, ba a sa shi cikin waɗanda ke dab da ɓacewa ba, amma mazauninsa a wannan kwari yana ƙuntata. Madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo, waɗanda aka kammala a 1978 da 1984, sun sauya lokaci da girman ambaliyar da ke cika tabkuna, yayin da bunƙasar noman rani, musamman bayan ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Birnin Kebbi a 2015, ta mayar da wurare da yawa gonaki masu shan feshin maganin ciyawa. Tsiron da aka hana shi zubar da iri shekaru a jere yakan ƙare a wurin baki ɗaya.

Asarar ba ƙarama ba ce, domin dangin amfanin gona na daji suna riƙe da halayen gado na jure fari da cututtuka waɗanda masu inganta iri ke nema. Irin NERICA, wanda mai inganta iri Monty Jones ya samar a shekarun 1990 ta hanyar haɗa shinkafar Afirka da ta Asiya, shaida ce ta amfanin wannan gado.

Babu laifi manomi ya cire ciyawa a gonarsa, amma ya kamata gwamnatin jiha da masarautun Argungu da Gwandu su keɓe wasu tabkuna da ba za a nome ko a fesa ba, sannan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta tattara irin a adana shi. Jihar da ke alfahari da noman shinkafa ita ce mafi cancantar kare asalin shinkafar.