Tauraron Ɗan'adam Ba Ya Aiki Shi Kaɗai

Tun da aka sanar a 2025 cewa gwamnatin tarayya ta amince a harba sababbin taurarin ɗan'adam guda huɗu, baki ya kasu biyu a teburan shayi da gidajen rediyo. Wasu na cewa almubazzaranci ne a ƙasar da buhun shinkafa ya gagari talaka. Wasu kuma sun ɗauka an samo maganin 'yan bindiga, wai za a zauna a Abuja ana kallon dajin Rugu dare da rana. Kowane ɓangare bai fahimci aikin ba.

Irin wannan tauraro mai ɗaukar hoton ƙasa ba ya tsayawa wuri guda. Yana kewaya duniya a nisan kilomita 600 zuwa 800, ya ɗauki inda ya ratsa ya wuce, sai bayan kwanaki ya sake biyowa. Da damina gajimare kan rufe masa ido, in ba mai amfani da rada ba ne. Shi ya sa aikin ya zama na gayya.

Da gayya ma Najeriya ta fara. NigeriaSat-1, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera aka harba daga Plesetsk a Rasha a watan Satumba na 2003, ya shiga ayari ɗaya da taurarin Aljeriya da Turkiyya da Birtaniya, daga baya Sin ta biyo. A haɗe suna iya ɗaukar hoton wurin da bala'i ya auku kusan kullum. Lokacin da guguwar Katrina ta ɗaiɗaita New Orleans a 2005, hotunan tauraron Najeriya na cikin waɗanda aka miƙa wa Amurka. Tun shekarar 2000 kuma akwai yarjejeniyar da ta sa hukumomin sararin samaniya ke ba ƙasar da ambaliya ko girgizar ƙasa ta afka wa hotuna kyauta. Amurka ta saki taskar Landsat ga kowa a 2008, Turai ma ba ta karɓar ko sisi kan hotunan Sentinel.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka manta da tarihin da ke ƙofar gidanmu. Bayan farin farkon shekarun 1970, wanda ya halaka mutane da dabbobi a Sahel, ƙasashen yankin sun kafa ƙungiyar CILSS a 1973, sai cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Sama da shekara hamsin ke nan cibiyar na haɗa hotunan sama da ma'aunin ruwa na ƙasa, tana bin diddigin damina da ciyawar kiwo da fara, tana horar da masana daga ƙasashen yammacin Afirka. Ɗaliban jami'o'inmu na Arewa nawa ne suka taɓa jin sunanta?

Ga kuma labarin itatuwan Nijar. A shekarun 1980 manoman Maraɗi suka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi 'yan kaɗan a raina su. Ba wanda ya san iyakar yaɗuwar abin sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada tsofaffin hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraro na bayan 2000, shi da Chris Reij ɗan ƙasar Holan da masana 'yan Nijar. Suka tarar da kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Manomi ne ya yi aikin da gatarinsa, tauraron wata ƙasa ya zama shaida. A wasu hotunan har kan iyaka ana iya ganewa, don gonakin Nijar sun fi na ɓangarenmu duhun itace. Wannan ya isa ya hana kwamishinonin muhalli barci a Katsina da Jigawa.

Sai dai dogaro da na wani yana da haɗari. A watan Janairun 2025 shirin FEWS NET, wanda Amurka ta kafa a 1985 don gargaɗin yunwa, ya tsaya na wasu watanni saboda sauyin siyasa a Washington. Don haka mallakar namu ba wauta ba ce, musamman da yake NigeriaSat-2 na 2011 ya daɗe da wuce shekara bakwai da aka ɗibar masa.

Amma hoto ba ya gyara madatsa. Ruwan madatsar Lagdo ya zo daga Kamaru a 2012, ya sake zuwa a 2022, madatsar Alau ta ɓalle kan Maiduguri a Satumbar 2024, duk a zamanin da hotunan Sentinel ko Landsat ke zube kyauta a intanet. Akwai cibiyar nazarin irin waɗannan hotuna a Jos. Kafin a saki kuɗin sababbin taurari, majalisa ta tambayi kowace hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha ma'aikata nawa take da su da suka iya karanta taswirar ambaliya, kuma wa ke da alhakin buga wa hakimi waya idan taswirar ta nuna ruwa na tafe.